Muhawara: shin ɓarayin ƙwai ne suka rage talotalon daji a Amurka?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi matsayata tun farko don kowa ya san inda zai kama ni. Talotalon daji na Amurka, wanda yawansa ya kusa miliyan 7 a farkon shekarun 2000, yanzu yana ja da baya a jihohi da yawa, musamman kudu maso gabas da tsakiyar ƙasar. A Akansas mafarauta sun harbi kusan 20,000 a 2003, amma a 2021 da ƙyar aka haura 7,000. Ni a ganina babban dalili ɗaya ne: ɓarayin ƙwai sun yi yawa. Macen talotalo a ƙasa take yin gurbi kamar zabuwa. Tana zuba ƙwai 10 zuwa 12 cikin kusan mako biyu, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. Kwana arba'in ke nan ƙwai na ƙasa a fili, ga rakun da ofosum, ƙananan dabbobin dajin Amurka masu yawon dare, ga bodari, ga yanyawa, ga aladun da suka koma daji. A ƙarshen shekarun 1970 fatar rakun tana kai dala 20 zuwa 30, don haka manoma da yaransu suna ɗana tarko duk hunturu. Kasuwar fata ta faɗi a ƙarshen shekarun 1980, yau fatar ba ta wuce 'yan daloli, aka rataye tarkuna. Binciken da aka yi da na'urar GPS goye a bayan uwaye a jihohin kudu ya nuna gurbi ɗaya cikin huɗu ne kawai, ko ma ƙasa da haka, ke kai wa ƙyanƙyasa. A mayar da tarko daji, talotalo zai dawo.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Ba na musun cewa rakun na shan ƙwai, amma lissafin shekarun bai zauna ba. Kasuwar fata ta rushe wajen 1987. To daga lokacin zuwa 2004 ne talotalon ya yi yaɗuwar da bai taɓa yi ba a ƙarnin. A 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar kare talotalon daji ta National Wild Turkey Federation, ana ƙiyasin miliyan 1.3 ne a ƙasar duka. Shekara goma sha bakwai rakun na ƙaruwa, talotalo ma na ƙaruwa. In rashin tarko ne sanadi, me ya sa sai bayan kusan shekara ashirin abin ya bayyana?

Malam Habibu: Saboda a waɗannan shekarun ana ta dasa shi a sababbin wurare, Nura. Tun da aka fara kama na daji da raga mai harbawa a Karolina ta Kudu a 1951, ana kwasar su daga inda suke ana sakin su inda babu. Jimillar ƙasa tana hawa ne don ana buɗe sabon fili, ba don tsofaffin wuraren suna lafiya ba. Da aka gama cike filin sai ɓarnar ta fito fili.

Alhaji Garba: Malam Habibu, wannan amsar taka ta buɗe wata ƙofa da ba ta taimake ka ba. Duk dabbar da aka saka a sabon wuri mai abinci, takan yi ambaliya da farko, ta wuce abin da wurin zai iya ɗauka, sannan ta sauko ta daidaita. Masana da yawa suna ganin wani kaso na abin da muke kira raguwa saukowa ce daga wannan ƙololuwar. Mutanen da suka fara farauta a shekarun 1990 sun ɗauka yawan da suka tarar shi ne ƙa'ida, alhali kuwa lokaci ne na musamman. Kuma kada mu manta ba ko'ina abin ya taɓa ba. A Masachusets talotalon daji ya ƙare ƙaf tun 1851. A 1972 da 1973 aka kawo 37 daga jihar New York aka saki, yau sun haura 30,000, har suna tare hanya a unguwannin gefen Boston. Rakun cike yake a waɗannan unguwanni, yana cin shara yana ƙiba. In da rakun ne mai yanke hukunci, da can ne talotalo zai fara ƙarewa.

Malama Hadiza: Baba Alhaji ya kawo mu kusa da bakin zaren. Ina so mu bar maganar ƙwai tukuna mu dubi ɗan tsako, don a nan gizo ke saƙa. Ranar da aka ƙyanƙyashe shi nauyinsa bai wuce giram 50 ba ko kusa da haka. Cikin awa 24 uwar ta tashe su daga gurbi. Ba ya iya tashi sama sai ya yi kwana 10 zuwa 14, don haka duk daren waɗannan kwanakin a ƙasa yake kwana ƙarƙashin fukafukin uwarsa. Abincinsa a lokacin kusan ƙwari ne zalla: fara ƙanana, gizo-gizo, buzuzu, tsutsa, domin jikinsa na neman furotin kusan kashi 28 cikin ɗari kafin gashin fiffike ya fito. Fiye da rabin 'yan tsakin suna mutuwa kafin su cika wata guda, yawancinsu cikin mako biyun farko.

To wane irin wuri yake bukata? Ciyayi masu faɗin ganye da tsayinsu ya kai gwiwar mutum, sama a rufe kamar laima, ƙasa kuwa a buɗe, yadda zai yi gudu tsakanin kara da kara yana tsintar ƙwari, shaho bai gan shi daga sama ba, uwar kuma ta ɗaga wuya ta hango abin da ke tahowa. Irin wannan wuri shi ne ya yi ƙaranci. An shuke makiyaya da ciyawar fesku da ta bamuda, masu yin tabarma a ƙasa. Ɗan tsako ba ya iya ratsa su, raɓar safe ta jiƙa shi sharkaf, sanyi ya kama shi. Gandun itatuwan fayin da ake dasawa ɗaruruwa a eka guda, shekara bakwai ko takwas rassansu sun haɗe, rana ba ta sauka ƙasa, ba abin da ke tsirowa sai busasshen ganye. Dazuzzukan katako ma sun tsufa sun rufe. Gefen gona da a da ake bari da ciyawa yanzu an nome shi har bakin titi. Shirin gwamnatin tarayya na biyan manoma su bar gona ta huta, wato CRP, ya kai eka miliyan 36.8 a 2007, ya sauko kusan miliyan 22 a 2020. Uwar da ta rasa wurin kiwo kusa da gurbinta dole ta ja 'ya'yanta tafiya mai nisa a fili. A hanyar nan ne ake cinye su. Mai ci dai shaho ne ko kyanwar daji, amma wanda ya miƙa masa su filin ne.

Malam Habibu: Malama, kin faɗa da bakinki: mai ci dai shi ne mai ci. Ciyawa ba ta taɓa haɗiye ɗan tsako ba.

Nura: Bari in sa lissafi a tsakani, Malam, misali ne kawai don a ga inda nauyin yake. Ɗauki uwaye 100. A ce 30 sun ƙyanƙyashe, har da waɗanda suka sake zubi bayan an fasa musu na farko, kowacce da 'ya'ya 10. Tsaki 300 ke nan. In kashi ɗaya cikin uku suka kai wata guda, saura 100, wato tsako ɗaya ga kowace uwa. Rabi mata ne, 50. A ce 30 cikinsu sun ga Afrilun baɗi. Amma cikin uwaye 100 na farko wajen 40 sun mutu a shekarar, da yawa a kan gurbi. An rasa 40, an sami 30, garke na raguwa. Yanzu a ce tarko ya ɗaga masu ƙyanƙyasa daga 30 zuwa 36. Tsaki 360, masu rayuwa 120, mata 60, masu kai baɗi 36. Har yanzu ba a cike giɓin ba. Amma bar gurbi a 30 ɗin nan, ka gyara wurin kiwo har rabin 'yan tsaki su rayu: 150, mata 75, masu kai baɗi 45. An wuce 40. Shi ya sa hukumomin jihohi ke sa ido a kan adadin tsaki ga kowace uwa a ƙidayar Yuli da Agusta. Ana ɗaukar 2 a matsayin abin da ke riƙe garke, jihohin kudu da yawa kuwa sun daɗe suna yawo a 1.5 ko ƙasa.

Malam Habibu: Lissafinka ya yi kamar tarko ƙwai kaɗai yake ceta. Rakun da yanyawa suna kama 'yan tsaki da dare a kwanakin da suke kwana a ƙasa, koyote, wato dilan Amurka, da kyanwar daji kuma suna kashe uwar a kan gurbi. Ka cire su ka taɓa layuka uku na lissafin nan, ba ɗaya ba. Kuma cibiyar bincike ta Tall Timbers da ke kusa da Talahasi a Fulorida ta nuna a kan makwarwar bobwayit cewa rage waɗannan dabbobi yana ƙara yawan 'ya'yan da ake samu. Ita ma a ƙasa take gurbi.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, amma a faɗi sauran. Filayen da aka yi wannan aikin filaye ne da ake ƙonawa bisa tsari ana sassabe su shekara da shekaru, wato an riga an gyara wurin kafin a kawo tarko. Kuma a binciken da aka yi da kyamara a kan gurbin makwarwar a yankin, an ga cewa idan aka rage dabbobi irin su rakun, macizai da sauran masu ci suna karɓar wani kaso na ƙwan da aka ceto. Sannan akwai waɗanda doka ta hana a taɓa. Tun 1972, shekarar da aka hana maganin ƙwari na DDT, aka shigar da shaho da mujiya ƙarƙashin kariyar dokar tarayya. Babbar mujiya mai tukkun kunne tana ɗauke babban talotalo daga reshen da yake kwana. Ba tarkon da zai magance wannan.

Alhaji Garba: Tunda an zo kan tarko, a faɗi yadda ake yin sa da inda yake lalacewa, don mutane na ɗauka abin wasa ne. Tarkon rakun da aka fi amfani da shi bututu ne na ƙarfe, a zuba busasshen abincin kyanwa ko kifi a ciki, rakun ya zura hannu ya ja kunamar ta kama shi, kare kuwa ba ya iya zura ƙafa. Ana jera su bakin rafi da gefen hanyoyin daji. Jihohi da yawa sun wajabta a duba su kullum. Kuskure na farko lokaci ne: wanda ya kama rakun a Nuwamba da Disamba, lokacin da fata ke da kyau, kafin Afrilu na maƙwabta sun maye wurinsu. Sai an yi shi dab da zubin ƙwai, Fabrairu zuwa Afrilu, a wasu jihohin kuma lokacin an rufe kakar tarko sai da izini na musamman. Kuskure na biyu faɗin wuri. Mai eka 100 da ya kama rakun 20 bai yi komai ba, don uwar talotalo na yawo a fili da ya ninka nasa sau da yawa. Na uku, aikin ba ya ƙarewa. Shekarar da ka huta, ka koma inda ka fara. Mai babban fili da ma'aikata zai iya. A ce jiha guda za ta farfaɗo da talotalonta da wannan, ban ga hanya ba.

Dakta Rabi: Ku ba ni dama in shigo da abin da ya haɗa maganar Malam Habibu da ɓangarena, wato masarar da ake zubawa barewa. Jojiya ta halatta farautar barewa a kan abincin tarko a filaye masu zaman kansu a faɗin jihar a 2018, Alabama ta bi a 2019 da lasisi na musamman, Teksas kuwa ta daɗe a kai. Tulin masara a daji gidan biki ne ga rakun da alade. Kana ciyar da ɓarawon ƙwai duk shekara, kana tara shi wuri guda, kana kuma jawo uwar talotalo ta yi gurbi kusa da shi. Wanda ke ɗana tarko da hannun dama yana zuba masara da hagu, aikin baban giwa yake yi.

Ga kuma guba. Masarar da ta kwanta a ƙasa cikin zafi da laima, cikin kwanaki kaɗan fumfunar Aspergillus flavus ke kama ta, ta fitar da aflatoksin. Talotalo na cikin tsuntsayen da gubar ta fi yi wa illa. Asali ma a kansa aka gano ta: a 1960 talotalon gida kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abinci mai ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Birazil. Hukumar abinci ta Amurka ta sa iyakar kashi 20 cikin biliyan ga abincin mutane da na ƙananan kaji, amma masarar da ta kwana goma a ƙasa ba mai auna ta. Gubar ba lallai ta kashe nan take ba. Tana cin hanta, ta rage girma, ta raunana garkuwar jiki, sai tsuntsu ya zama mai sauƙin kamu. Wannan guba ita ce dai wadda muke fama da ita a gyaɗa da masararmu a Arewa, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da maganin Aflasafe dominta. Duk mai kiwon talotalo ko zabi a nan da ke ba su masarar da ta yi fumfuna a rumbu, abin da yake yi ke nan.

Nura: Dakta, to cututtuka fa? Ana yawan ambaton wata ƙwayar cuta mai sa ƙari da ake kira LPDV.

Dakta Rabi: An fara gano wannan ƙwayar a talotalon daji na Amurka a 2009, a Akansas. Da aka gwada tsuntsayen da mafarauta suka harba a jihohi 17, kusan rabi na ɗauke da ita, amma galibinsu lafiyayyu ne a ido, da ƙibarsu. Kaɗan ne ke fito da ƙuraje da ƙari a kai da ƙafa. Don haka ba ita ke kashe manya da yawa ba. Abin da ake bi yanzu shi ne ko tana rage yawan ƙwai ko ƙarfin 'yan tsaki. Cutar West Nile da sauro ke yaɗawa ta yi wa wata makwarwar daji ta arewacin ƙasar illa sosai, amma da aka gwada ta a 'yan tsakin talotalo a ɗakin bincike, sun jure. Murar tsuntsaye ta kashe wasu garkuna a Wayomin da Montana a 2022, amma raguwar ta girme ta da shekaru fiye da goma. Wadda na fi sa wa ido ita ce cutar baƙin kai, histomoniyasis. Ƙwayarta na ɓuya cikin ƙwan wata tsutsar hanjin kaji, ƙwan kuma na daɗewa a ƙasa. Kaza na ɗauke da ita ba ta damu ba, talotalo kuwa hantarsa ke ruɓewa, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa. Jojiya da Alabama da Akansas su ne cibiyar kiwon kaji, kuma kashin kajin ake watsawa a makiyaya a matsayin taki. Hatsarin ya fi yawa daga gidajen kaji masu daɗewa, irin na ƙwai da na iri, domin kajin nama ana kwashe su cikin mako shida zuwa takwas, tsutsar ba ta samun lokacin yaɗuwa sosai. In an tara takin ya yi zafi ya dahu kafin a watsa, hatsarin na raguwa. Cuta na iya share garken wani yanki. Ban yarda ita ce ta sauko da rabin ƙasa ba.

Alhaji Garba: Saura ɓangaren da mafarauta ba sa son ji, wato su kansu. Farautar Maris zuwa Mayu kusan toraye kaɗai ake harbi, don haka aka daɗe ana cewa ba ta taɓa haihuwa, tunda toro ɗaya na bin mata da yawa kuma macen na ajiye maniyyi a jikinta makonni. Farfesa Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya da abokan aikinsa suka kawo tambaya a kai. Toraye suna da matsayi a tsakaninsu, mata kuma babban suke zaɓa. Binciken Alan Krakauer a Kalifoniya, wanda ya fito a 2005, ya nuna har 'yan'uwa maza kan haɗa kai su yi wa mace rawa tare, amma babban ne kaɗai ke hawa. To jihohin kudu da yawa suna buɗe farauta tsakiya ko ƙarshen Maris, alhali yawancin uwaye ba sa kwanci sai tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa. Babban toro shi ya fi cara, shi ya fi zuwa kan gunkin roba da faɗa, shi ake fara kashewa. In ya faɗi kafin a gama barbara, sai an sake jera matsayi, zubin ƙwai ya warwatse cikin makonni maimakon ya zo tare, ɓarayin ƙwai su samu dogon lokaci suna ci. Ga kayan aiki sun canza. Harsashin tangistin nauyinsa giram 18 ne a kowane kubik santimita, na dalma kuwa 11.3, don haka yana kashewa daga nisan da a da ba a ko gwadawa. Ga kyamarar da ke turo hoto a waya, ga rumfar ɓuya ta tafi-da-gidanka. A kan wannan tunanin Jojiya ta jinkirta buɗewa ta rage adadin toraye da mafarauci ɗaya zai harba daga 3 zuwa 2 a 2022, Alabama ta rage daga 5 zuwa 4, Kansas kuma ta dakatar da farautar kaka a 2023, wadda ake harbin mata a cikinta.

Malama Hadiza: Baba, da girmamawa, wannan tunanin an gwada shi a fili kuma bai fito yadda aka zata ba. Masu bincike na Jami'ar Tenesi, su Craig Harper da David Buehler, sun bi ɗaruruwan uwaye masu na'ura a kudancin tsakiyar jihar na shekaru. A 2021 da 2022 aka jinkirta buɗe farauta da mako biyu a wasu gundumomi, aka bar wasu yadda suke. Ba su ga bambanci ba a lokacin zubi, ko yawan ƙwai, ko ƙyanƙyasa, ko rayuwar 'yan tsaki.

Alhaji Garba: Na san da shi, 'yata, kuma ban raina shi ba. Amma shekara biyu ne a yanki ɗaya, kuma Tenesi tun asali ba ta buɗewa da wuri kamar kudancin Alabama. Abin da zan tsaya a kai shi ne: hukuma ba ta da iko da ruwan sama, ba ta da iko da gonar mutum, tunda yawancin filin kudu na masu zaman kansu ne. Ranar buɗewa da adadin harbi kaɗai ke hannunta. Kare mace a kaka kuwa ba gardama a kai. Tsohon ƙiyasi na cewa garke na jure a cire kashi 10 cikin ɗari a kaka an gina shi ne lokacin da kowace uwa ke tashi da tsaki uku ko huɗu. Da haihuwar yanzu, wannan kason ya yi yawa.

Nura: Akwai abin da ke goyon bayan Yaya Hadiza daga Mizuri. A 2004 an harbi sama da 60,000, a 2021 ya sauko wajen 35,000, a 2024 kuma ya koma sama da 47,000.  Ƙyanƙyasa ce ta yi kyau shekaru biyu a jere, toraye masu shekara biyu suka yi yawa.

Malam Habibu: Ka yi hankali da wannan adadin. A 2024 ɗin ne Mizuri ta ba da damar farauta har faɗuwar rana a filaye masu zaman kansu, a da ƙarfe ɗaya na rana ake tashi. Yawan harbi ba yawan tsuntsu ba ne. Ba wanda ke ƙirga talotalo ɗaya bayan ɗaya. Daga rahoton mafarauta da ƙidayar 'yan tsaki ake ƙiyasi, shi ya sa ko miliyan 7 ɗin da na faɗa a farko ƙiyasi ne. Kuma shekarun da ƙwarin sikada ke fitowa daga ƙasa tururu, kamar 2021 da 2024 a wasu jihohi, an sha ganin 'yan tsaki sun yi yawa. Me ya sa? Rakun da hankaka da maciji sun ƙoshi da ƙwari sun ƙyale gurbi. Hujjata ce wannan.

Malama Hadiza: Hujjata ce ni ma, Malam, don 'yan tsakin su ma sun ƙoshi ba tare da doguwar tafiya ba. Amma bari in faɗi aikin da mai fili zai yi, tunda shi ne abin da ake tambaya. A gandun fayin, a rage itatuwa har aƙalla kashi 30 cikin ɗari na hasken rana ya sauka ƙasa, in an kai rabi ya fi. Bayan nan a sa wuta bisa tsari duk shekara biyu zuwa uku. Ba irin ƙunar daji ta rani da muka sani ba, wadda ake cinnawa don gafiya ta lashe komai. Ana yanka fili gida-gida da hanyar kashe wuta, a ƙona wani a bar wani, a ranar da iska da laima suka dace. Wanda aka ƙona bana shi ne wurin kiwon tsaki, wanda ya shekara biyu ko uku shi ne wurin gurbi, kuma dole su kasance maƙwabtan juna. In ka ƙona eka dubu a tashi ɗaya ka raba uwa da maɓoya. In ka wuce shekara huɗu ko biyar ba wuta, ƙananan itatuwa sun kulle wurin. Makiyayar fesku kuma yanka ba ya kashe ta, ƙara mata kauri yake yi. A fesa mata maganin kashe ciyawa na gilaifoset a ƙarshen kaka lokacin da take kore sauran ciyayi sun bushe, sai irin ciyayin asali da ke kwance a ƙasa su taso da kansu. A bi da garma mai faifai a hunturu, layi-layi, kashi ɗaya cikin uku kowace shekara. Kuma a ajiye injin yankan ciyawa daga Afrilu har ƙarshen Yuli, domin uwar da ke kwanci ba ta tashi sai injin ya hau ta.

Dakta Rabi: A ƙara da kwashe masara daga daji tun daga Maris har ƙarshen zafi. Wanda ya nace sai ya zuba, ya sa ta a mazubi mai rufi sama da ƙasa, kaɗan-kaɗan yadda za ta ƙare cikin kwana biyu ko uku, ya riƙa sauya wuri.

Malam Habibu: Malama, wutar da ake sawa a Afrilu da Mayu fa? Mafarautan kudu na kuka da ita sosai, suna cewa hukumomin gandun daji na ƙona gurbi da ƙwai a ciki.

Malama Hadiza: Tana ƙona wasu, ba a musu. Amma inda aka bi uwaye da na'ura, kamar a dajin fayin na sansanin soja na Fort Bragg a Karolina ta Arewa, kaso kaɗan ne na gurbi wuta ta ci, domin uwaye sun fi zaɓar wurin da bai kai lokacin ƙonawa ba, kuma wadda ta rasa ƙwai da wuri takan sake zubi. Sharaɗin shi ne gidajen su zama ƙanana. Inda ake cinna dubban eka daga jirgi mai saukar ungulu a rana ɗaya cikin Mayu, kukan mafarautan na da tushe.

Malam Habibu: To na karɓi jerin: haske, wuta, kwashe masara. Amma ban janye tarko ba. Wanda ya yi waɗannan ukun a fili mai faɗi, ko maƙwabta biyar ko shida da suka haɗa filayensu, ya jera tarko bakin rafi daga Fabrairu zuwa lokacin kwanci inda doka ta yarda. Kuma ya riƙe littafi: kowace uwa da ya gani daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Agusta ya rubuta ta, da mai 'ya'ya da marar 'ya'ya, da adadin tsakin da girmansu. Masu ƙidaya da yawa suna rubuta mai 'ya'ya su manta da wadda ke tafe ita kaɗai, sai adadin ya kumbura. Nura, in an sami shekara uku na irin wannan littafin daga fili mai tarko da marar tarko, duka an ƙona su iri ɗaya, ka sake mana lissafin nan naka da shi.